Albarkar da Na Hana Ki a Bakin Ƙofa

Zuwa ga ɗiyata Rahila,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kin sauka Funtuwa lafiya, kin tarar da Goggonki Tabita da yaranta lafiya. Allah ya tsare ki a ɗaki da kan hanya, ya tsare ki daga wuta da rijiya da masu babur ɗin garin nan da ba sa duba gabansu. Babanki yana gaishe ki. Ba zan cika ki da labarin gida ba, kowa lafiya, masara ta yi goyo, akuyarki kuma tana nan tana cin igiyar shanya kamar yadda ta saba.

Na zaɓi takarda ne saboda a waya ba kya bari in kai ƙarshen magana. Da na buɗe baki sai ki ce, "Amin, Mama, Amin," kamar mai korar kaji, sai kuma ki ce caji ya ƙare. Takarda ba a katse ta da Amin. Ki nemi wuri ki zauna ki karanta ta har ƙasa, in kin gama sai ki ji haushina yadda kike so.

Ranar da za ki tafi koyon ɗinki wurin Goggonki, kin ajiye jakarki a bakin ƙofa, kin durƙusa kamar yadda kowace ɗiya take yi in za ta bar gida. Babanki ya sa miki albarka. Da kika zo kaina sai kika kama hannuna kika ɗora a kanki, kika ce, "Mama, Manzo, mai wa'azin majami'ar su Goggo, ya ce saura bakinki. Ya ce bakin uwa ya fi na kowa kaifi. Ki furta cewa na warke, farfaɗiya ta rabu da ni har abada." Mai babur yana ta danna ham a waje, hannuna yana kanki, bakina ya ƙi buɗuwa. Daga ƙarshe na ce Allah ya kiyaye hanya, kika tashi idonki ya yi ja, ba ki waiwayo ba.

Na san yadda ake kallon wannan a wurinmu. Uwa ta hana ɗiyarta albarka a bakin ƙofa, ba ƙaramin abu ba ne, kuma matan unguwa sun riga sun fara yi mini gaisuwa mai tsawo a wurin famfo don su ji ko zan ce wani abu. Ban damu da su ba. Ke na damu da ke, don na san kin tafi da shi a rai. Ni ma tun ranar tuwo ba ya shiga cikina yadda ya kamata.

Bari in fara da abin da na sani, don kada ki ɓata bakinki wajen musu. Kin daina shan maganinki. Ba wanda ya faɗa mini, kuma ba wahayi na gani ba. Ni ke share ɗakinki. Tun kina ƙarama, duk safiya sai tsintsiya ta kwaso ɗan ɓawon farar takardar nan mai ƙyalli da kike ɓarewa daga jikin ƙwayar, don ba ki taɓa koyon jefa shi a shara ba duk faɗan da na yi. Tun da kika dawo daga taron farkawar da Goggonki ta kai ki wancan watan, tsintsiyata ba ta ƙara kwaso shi ba. Na tambaye ki ko kin sa maganin a jaka, kika ce e, idonki yana kan takalminki. Bayan tafiyarki na same shi cikin tsohuwar jakarki ta makaranta da ke rataye bayan ƙofa. Kin ɗauki katin ƙwayar ɗaya tak, na kuma san dalili, don Goggonki ta kira babanki tana murna, ta ce ranar Lahadin nan za ki tsaya gaban jama'a ki ba da shaida, ki jefa maganin cikin kwandon da suke ajiyewa a gaban bagadi. Shi ya sa nake rubutu yanzu, hannuna duk ƙanshin daddawa.

Ban taɓa ganin wannan Manzon naku ba, don haka ba zan ce maƙaryaci ne ba. Amma zan gaya miki abin da ya sa kunnena ya tashi. Kin dawo kina rawar jiki kina ce mini, "Mama, bai san ni ba, bai taɓa ganina ba, ya nuna ni cikin taro ya ce akwai yarinya daga wajen Malumfashi mai ciwon faɗuwa." Rahila, ni ɗiyar boka ce. Kin san kakanki, mahaifina, kafin ya karɓi bishara aikinsa ke nan. In baƙi suka zo daga nesa, ba a shigar da su wurinsa kai tsaye. Sai Innata ta ja matan cikinsu zuwa gindin murhu, ta ba su ruwa, ta yi musu sannu da hanya, ta tambayi mutanen gida, ta tausaya musu. Kafin ruwan ya gama sauka cikinsu ta san wa ke ciwo, wa ya rasu, da wa ake zargi. Sai ta shiga ɗauko wani abu a ɗakin Baba. In suka shiga, kafin su zauna ya faɗa musu abin da ya kawo su, su kuwa sai su faɗi ƙasa. Shi da kansa ya ba da wannan labari a majami'a ranar da aka yi masa baftisma, yana kuka. Don haka in aka ce mini wani ya san abin da ba a faɗa masa ba, abin da nake fara tambaya shi ne wa ya ba baƙon ruwa.

Ki tambayi Goggonki cikin ladabi, ba da faɗa ba, ko ta taɓa kai sunanki wurin masu addu'ar Manzo kafin ta kai ki. Tabita mutuniyar kirki ce, tana son ki kamar ta haife ki, amma cikinta ba ya riƙe magana ko ta kwabo. Ba na zarginta da mugunta. Ina zarginta da ƙauna mai yawan surutu, kuma ita kanta mai yiwuwa ta manta ta faɗa.

Yanzu in koma kaina, don kada ki ce tsohuwa ta zauna tana auna mutane ita ba ta taɓa zamewa ba. Wannan koyarwa da ta shiga kanki, cewa mai bi yana da iko ya furta abu ya tabbata, ni na riga ki shan ta, kuma na fi ki zafi a kai.

Kina goye a bayana aka kawo mana wani mai wa'azi baƙo a taron shekara. Mutum ne mai murya, in ya yi magana har kwanon rufi yana amsawa. Ya ce mana mun daɗe muna roƙo kamar bayi alhali mu 'ya'yan gida ne, ɗan gida kuwa umarni yake bayarwa. Ya sa muka fita fili muka ɗaga hannu sama muka umarci ruwa ya sauko. Ba a jima ba kuwa aka yi ruwa. Kin ga yadda zuciya za ta yi. Ni a lokacin ji nake in na ce wa dutse matsa zai matsa.

Babanki ya je gona da safe ya tona ƙasa da hannu, yadda manoma suke yi bayan ruwan farko don su ga iyakar inda laima ta kai. Ya dawo ya ce, "Saratu, wanga ba ruwan shuka ba ne. Sama-sama ya jiƙa, ƙasa ƙura ce." Na ce masa ya tuba, bakinsa zai kore mana damina. Na dame shi da safe, na dame shi da rana, na kira shi mai ƙarancin bangaskiya a gaban ƙannensa, har ya gaji ya ɗauki sungumi. Wannan ma da sauƙi. Kin san kowane manomi a nan in zai yi shuka sai ya rage iri a gora ya rataye, saboda in tsiro ya mutu ko tsuntsu ya tone a sami na cike gurbi. Kakanninmu haka suka yi, maƙwabtanmu Musulmi haka suke yi. Na ga babanki yana zuba ragowar a gora, na ce, "Wannan gorar ta mene ce? Ta shakka ce. Wanda ya furta ba ya ajiye na ko-ta-kwana." Na karɓe ta daga hannunsa na juye a ƙwarya, muka binne irin masararmu gaba ɗaya.

Ta tsiro kuwa, kore shar, har na riƙa zagayawa ta gaban gonakin mutane ina waƙa. Sai sama ta ɗauke. Rana ta buɗe kamar da gayya. Ina zuwa gona ina tsawata wa fari cikin sunan Yesu, tsiron yana naɗewa a gaban idona har ya zama kamar zare. Da ruwan gaskiya ya sauka kowa ya fita shuka, mu muna tsaye hannu wofi. Malam Sani da muke iyakar gona da shi, shi ya aiko mana da irin dawa a ƙwarya, babanki kuwa bai ce mini uffan ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. A shekarar ba mu ci masara ba sai ta kyauta.

Abin da nake so ki ɗauka daga nan shi ne, gorar nan ba shakka ba ce. Wanda ya rage iri bai ce Allah ba zai ba da ruwa ba. Cewa ya yi ni ban san ranar da zai bayar ba, kuma gaskiya ya faɗa. Duk wanda ya ce miki sai kin zubar da abin da kike riƙe da shi kafin Allah ya yarda kin gaskata, ki dube shi da kyau, ki duba ko shi ya zubar da nasa. Goggonki ta ce Manzo yana sa tabarau in zai yi karatu. Ban ce komai ba, na dai ji.

Za ki ce bayan wannan na yi hankali. Ban yi ba, kuma dalilin da ya sa ban yi ba shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a kanki. Da mai wa'azin ya dawo wata shekarar, na same shi na ba shi labarin gonar. Ko gezau bai yi ba. Ya tambaye ni, "A gidanku akwai wanda ya yi maganar shakka?" Na ce maigidana ya ce ba ruwan shuka ba ne. Ya ce, "To, kin ji inda ta fashe." Na koma gida da sauƙi a raina, ashe koyarwar ba ta da laifi, babanki ne. Kin ga yadda abin yake? In ya yiwu, ikon mai furtawa ne. In bai yiwu ba, laifin naka ne ko na wani a gidanku. Shi ba ya taɓa faɗuwa. Kakanki ma haka yake yi, in magani bai ci ba sai ya ce an ƙetare sharaɗi.

Ki lura, an riga an shirya miki wannan. Da Manzo ya ce saura bakin uwa, ni ban ji girmamawa a ciki ba. Na ji mutum yana gyara wa kansa ƙofar fita. In kika faɗi gobe, ba za a ce maganarsa ce ba ta tsaya ba, za a ce uwarki ce ta ƙi furtawa. Za su sa ki dube ni a matsayin wadda ta riƙe miki lafiya. Na yarda, gara ki dube ni haka kina da rai.

Sai maganar hannunki. Kin san labarin, ban taɓa ɓoye miki ba, amma kullum a gajarce nake ba ki shi, yau zan ba ki da tsawonsa. Ciwon ya fara miki kina shirin shiga firamare. Mun kai ki asibiti a Malumfashi, aka ɗora ki kan magani, faɗuwar ta tsaya. Likitan ya ja mini kunne, ya ce ko ta shekara ba ta faɗi ba kada a tsayar da shi rana ɗaya, in lokacin ragewa ya yi su za su rage da kansu a hankali. Na ce to. Amma a raina ina jin nauyin abin. Matan da ke janye 'ya'yansu in kin zo wasa, masu cewa kada a sha ruwa a kofinki, su suka fi ciwon cin raina. Ina so in wayi gari a ce babu, ba a ce ana sarrafa shi ba.

Da mai wa'azin nan ya sake zuwa, na ɗauke ki na kai ki gaba. Ya ɗora miki hannu, ya tsawata, ya ce an gama. Ya ce mini, "Uwa, ki furta da bakinki, kada kuma ki ƙara kiran sunan ciwon nan a gidanki." Na furta. Ranar Lahadi na tsaya gaban ikkilisiya da ke a hannu na ba da shaida, matan zumunta, ƙungiyarmu ta matan majami'a, suka yi guɗa, aka buga tulu aka yi rawa. Na dawo gida na zuba maganin a masai. Babanki yana kasuwar Funtuwa ya kai auduga, sai da ya dawo ya ji.

Ga abin da ban taɓa tsayawa na bayyana miki ba. Ciwon bai dawo mana kwatsam ba, ya yi sallama. Kina cikin wasa sai ki tsaya cak, ido a buɗe, baki yana motsi, kamar an kira ki daga nesa. Na gani. Sau da yawa na gani. Sai in ce gajiya ce, in ce rana ce, in juya baya in ci gaba da daka ina cewa na ƙi, na soke. Babanki ya ce mu koma asibiti, na ce in muka koma me zan ce wa matan da suka yi mini guɗa? Ki ji da kyau, Rahila. Ban ce me zan ce wa Allah ba. Matan zumunta na ce. Tun ranar da na tsaya gaban jama'a na daina gadin ɗiyata, na koma gadin maganata.

Ranar da abin ya faru da yamma ne, ina tuwo. Na yi talge yana tafasa, na shiga ɗaki ɗauko gari, ke kina tsugune kusa da murhu kina gasa gyaɗa a toka. Ban ji kukanki ba, don mai farfaɗiya ba ya kuka. Ƙarar tukunya na ji. Na fito na tarar da ke a kwance kina karkarwa, hannunki na hagu cikin talgen da ya zube, ba ki ma san yana cin ki ba. Babanki ne ya ɗauke ki a kafaɗa ya yi bakin titi da gudu. A asibiti ma'aikaciyar da ke wanke ƙunar ta tambaye ni yaushe kika sha magani na ƙarshe. Na buɗe baki in ce ta warke, sai na ga fatar hannunki a cikin tasa. Tun daga ranar ban ƙara furta kalmar nan a kanki ba, shi ya sa ta ƙi fita a bakin ƙofa.

Mai wa'azin bai zo duba ki ba. Ban ce ya ƙi ba, ƙila bai ji ba, yana can wani gari yana sa wasu guɗa. Matan zumunta da nake jin kunyarsu kuwa su suka riƙa kawo mana kunu a asibiti, ba wadda ta tuna mini da shaidata.

Saboda haka shawarata a nan ɗaya ce, kuma ita ce gaggawa. Kada ki tsaya gaban jama'a ranar Lahadi. Ba don shaida mugun abu ba ne. Don in kin faɗa da ƙarfi a gaban mutane, za ki ji kunyar janyewa, kuma in alamar ta zo miki, ɗaukewar nan da ɗanɗanon ƙarfe da kike ce mini kina ji a baki, za ki ɓoye wa Goggonki, ki ɓoye wa kanki. Ni na yi, kuma ke jinina ce, taurin kanki nawa ne. A gidan Tabita da gas ake girki. A shagon da dutsen guga na gawayi ake aiki. Rijiyarsu ba ta da murfi, na faɗa mata tun bara. Kullum kuma sai kin hau babur kin ratsa ta wajen tasha inda manyan motoci suke juyawa. Waɗannan nake gani in na rufe ido.

Kada ki ce uwarki ta daina gaskata addu'a. Wa ya raya ki? Da kina kwance a asibiti ƙunar ta yi ruwa, zazzaɓi ya ƙi sauka, na durƙusa a gefen gadon, ban umarci kowa ba, ba ni da bakin umarni a ranar. Cewa na yi, "Uba, ga ta nan, taka ce, ni na ɓata, ka yi mini jinƙai." Ya kuwa yi. Na gaskata mai bi yana da iko, Rahila. Yana da ikon shiga gaban Allah ba tare da ɗan aike ba, ya faɗi abin da ke ransa ba tsoro, ya roƙi babban abu, har warkewa daga farfaɗiya, kuma ni ina roƙa miki ita duk safiya kafin in taɓa tsintsiya. Yana da ikon ya ce wa mugunta a'a. Abin da ban yarda yana da shi ba shi ne ya yanke wa Allah rana, sannan ya fito ya ce Allah ne ya yanke. Ubangijinmu da kansa, da ya ga wahala tana zuwa, ya roƙa a ɗauke masa, ya kuma bar wa Uban zaɓi. In shi ya yi haka, ban ga inda ni Saratu mai daddawa zan wuce shi ba, ban kuma ga inda Manzo zai wuce shi ba.

In Allah ya warkar da ke, abin ba zai ji tsoron asibiti ba. Warkewar gaskiya ba ta lalacewa don an auna ta. Likita zai duba, ya rage maganin da kansa, mu jira, mu gani. A ranar ni zan riga ki tsayawa gaban ikkilisiya, zan yi rawar da sai an riƙe ni. Ki gwada Manzo da wannan. Ki ce masa kina so ki ci gaba da shan magani har likita ya tabbatar, sannan ki ba da shaida. In ya ce madalla, to na yi masa mummunan zato, zan zo da kaina in roƙi gafararsa, ba na jin kunyar wannan. In kuwa fuskarsa ta canza, ya ce sai dai wannan Lahadin, to ki tambayi kanki wa ke bukatar kwandon nan ya cika, ke ko shi.

Wani abu kuma, ki kula da duk wanda ya hana ki kiran ciwonki da sunansa. Mutanen da kike zaune da su dole su sani, 'yan shagon su sani, su san a juya ki gefe, a janye ki daga wuta, kada a cusa miki cokali a baki. Wanda ya ce ki yi shiru don kada ki ba Shaiɗan ƙofa, ba shi zai tsaya kusa da ke ranar da za ki faɗi ba.

Na ba direban motar kasuwa ƙunshi ya kai shagon Goggonki tare da wannan takarda. Akwai daddawa da kuka da ɗan yajin da kike so. Maganinki yana tsakiya, na naɗe shi cikin ɗankwalina shuɗi. Ki je asibiti ki faɗa musu gaskiya cewa kin tsaya, da tun lokacin da kika tsaya, su gaya miki yadda za ki koma kansa. Za su yi miki faɗa, ki shanye, ni na sha wanda ya fi shi.

Yanzu sai albarkar da kika nema. Kin ce bakin uwa yana da kaifi, Manzo ma ya ce haka, to a nan dai mun yarda da juna ni da shi. In kina ɗaki ke kaɗai ki durƙusa, ki ɗora hannunki na hagu a kanki a madadin nawa. Allah ya yi miki albarka, Rahila. Ya sa albarka a hannunki da keken ɗinkinki. Ya ba ki miji mai haƙurin babanki. Ya ba ki tsawon rai ki binne ni, kada ni in binne ki. Ya warkar da ke a ranar da ya ga dama, ya kuma sa ina raye. Abin da kuwa na furta da bakina na uwa, wanda ba na janyewa, shi ne ki sha maganinki.

In kin ƙi, ba zan yi miki baki ba, ban haife ki don haka ba. Amma na riga na gaya wa babanki, ranar Lahadi zan hau motar farko zuwa Funtuwa. Ba zan yi faɗa da Manzo ba, ba zan kunyata ki gaban mutanenki ba, ko tari ba zan yi ba. Zan sa kayanmu na matan zumunta in nemi benci a bayanki in zauna. Da an kira ki gaba zan taso in biyo ki a hankali. In kin waiwaya kin ga zane a naɗe a hannuna, kin san na mene ne, shi ne wanda nake sa miki ƙarƙashin kai tun kina ƙarama. Goggonki ta ce ƙasan majami'ar taku siminti ne.

Ubangiji ya tsare fitarki da shigarki, ya tsare ki a bakin murhu da bakin rijiya da bayan babur, ya kawo mini ke gida da ƙafafunki. Ki gaida Goggonki, ki ce na gode da riƙo, ki ce kuma ta sa a rufe rijiyar nan.

Ni ce mahaifiyarki,
Saratu